Ƙullin da Baba Ya Yi wa Wayoyina

"Baba, wa ya ce ka taɓa min kaya?"

Na ɗaga wayoyin da ke haɗa na'urar ɗaukar bayanai da ɗan allon lantarki na aikina na kammala digiri. Kowace waya ya yanke ta, ya yi mata wani mummunan ƙulli da baƙin salatif.

"'Yar nan, gani na yi..."

"Gyaran rediyo daban, wannan daban! Don Allah ka tsaya a abin da ka iya."

Ya goge hannunsa a jikin riga, ya fita. Bayan kwana tara zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Haka na ci gaba da aiki da wayoyin, komai lafiya lau. Ranar da zan nuna wa malamai, kunyar ƙulle-ƙullen ta kama ni. Na cire su, na sa sababbi fes. Ina kunnawa allon ya yi hayaƙi, aikin shekara guda ya ƙone a gabana.

Malamina ya ɗauki tsohuwar waya ɗaya, ya warware salatif ɗin. Ƙananan rizisto biyu ne a ciki, an liƙe su tsaf.

"Na'urarki wuta mai ƙarfin bolt biyar take fitarwa, allon nan kuwa uku da ɗan kai yake ɗauka. Waɗannan ne suke rage masa wutar." Ya jinjina kai. "Wane injiniya ne ya yi miki? Maza koma ki roƙe shi ya sake miki."