Turaren da na shafa zuwa dubiya

"Wannan nake so," na ce wa mai turare a kasuwar Wunti. Guda ɗaya nake nema na kullum, na masallaci da ɗaurin aure. Ƙamshinsa ya tuna min wani abu mai nisa da na kasa kamowa, shi ya sa na saya.

Na shafa sosai, na wuce Inkil duba aminina Bakari, wata biyu yana kwance.

Ina shiga ya shaƙa, ya ɗago kai ya dube ni.

"Ɗanlarai, har kun kawo likkafanin? Ai da sauran raina!"

Matarsa ta ja ni waje. "Haba Malam! Turaren suturar gawa ka shafo ka zo dubiya?"

Ko takalmina ban tsaya ɗauka ba.