Layin Panshekara Ya Mutu

Ranar Litinin da la'asar Malam Gwadabe ya ɗaga kan wayar gidansa ya kara a kunne, ya ji shiru. Ya bubbuga ta, ya bi igiyar da hannu har jikin bango. Shekara ashirin ya yi yana gyaran lantarki a wata masaƙa a Challawa kafin a rufe ta, don haka nan take ya gane matsalar ba a cikin gida take ba.

Matarsa Ladidi na tsaye a bakin ƙofa. Ranar Juma'ar da ta wuce ne ɗansu Sagir, wanda ya tafi ci-rani Libiya, ya kira ta wannan wayar yana kuka. Wasu mutane sun tsare shi a Sabha, sun ƙwace masa komai, lambar gida kaɗai ta rage masa a ka. Sun yanka kuɗin fansa, sun ce wata Juma'ar bayan an sauko daga masallaci za su sake kira su faɗi inda za a aika. Ba su bar lamba ba.

Kuɗin ma sun haɗu. Ladidi ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta, Gwadabe ya ciko sauran da safiyar wannan Litinin ɗin, ya ce mata Allah ne ya rufa asiri. Saura kira kawai.

Washegari ya hau acaɓa daga Panshekara zuwa ofishin kamfanin waya a Bompai. A kan layi ya tarar da maƙwabtansa huɗu, har da mai shagon intanet na bakin titi, kowa da kukansa. Ya gaishe su a gurguje, ya kau da kai.

Wata ma'aikaciya ta miƙo masa takarda ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce idan lalacewar daga turken waya zuwa gida ce, shi zai biya kuɗin gyara da na sabuwar waya. Idan a babban layi ne, na kamfani ne. Ko wanne ne, ya jira mako biyu. Ya ce ya yarda a ɗora masa duka, a zo yau. Ta ce ba zancen kuɗi ba ne, motar gyara ɗaya ce tak, masu ƙorafi kuma sun fi ɗari.

Laraba ya koma tun kafin a buɗe ƙofa. Ya tare wani injiniya mai suna Idrisu a bakin mota, ya ba shi labarin Sagir. Idrisu ya ce ya jira su gobe.

Alhamis Idrisu da ma'aikatansa suka fara bi turke-turke daga ƙofar gidansa, Gwadabe na biye da su a ƙasa, ko ruwa bai sa a bakinsa ba. Azahar ta yi ba a ga komai ba. Can Gwadabe ya ce, cikin sanyin murya, ko za a duba kwalbatin da ke bayan majemar Challawa. Idrisu ya dube shi, sannan ya ce a juya mota.

A can suka tarar da ramin waya a buɗe. An yanke babbar wayar ƙarƙashin ƙasa, an zare kusan taku hamsin.

"Ɓarawon ya ɗauka ta masaƙun da suka mutu ce," in ji Idrisu. "Bai san ita ke ciyar da Panshekara gaba ɗaya ba. Sabuwa sai daga Legas, Baba. Wata guda, in an yi sauri."

"Idan aka samo wadda aka zare fa, za ta haɗu kafin gobe?" in ji Gwadabe.

Idrisu ya ce za ta haɗu, amma wa zai samo ta? Irin wannan ba ta kwana, 'yan gwangwan sun ƙone robar sun cire jan ƙarfen tuntuni. Ya roƙi Allah ya tona asirin wanda ya yi, ma'aikatansa suka amsa da amin.

Gwadabe ya zauna a bakin kwalbatin. Ya san Idrisu ya yi gaskiya, domin a gabansa aka ƙone robar ranar Litinin da safe, aka ɗora jan ƙarfen a sikeli, aka miƙa masa cikon kuɗin fansar Sagir.