Kwanon da Ya Sari Baba

Ina 'yar shekara takwas Baba ya tafi da ni birnin Guangzhou saro kaya. Wata la'asar a unguwar Dengfeng sama ya rine ja da kore, kamar an kifar da tukunyar rini. Na ɗauka irin hadarin Kano ne, na fice wankan ruwan sama. Ashe guguwar teku ce. Iska ta ɓalle kwanon rufin wani shago, Baba ya kifu a kaina, kwanon ya tsarge masa baya. Jininsa na bin wuyana ya ce, "Kalli sama, Uwata, kar ki kalle ni."

Bara a jirgin sama fasinjoji suka rufu a taga, suna kallon koren hasken nan mai rawa na arewacin duniya. Na kalla, yadda ya ce. Ƙarnin jini kawai na ji.