Murjani na Bakwai

Ranar Talata ce. Iskar da ta kwana biyar tana dukan tsibirin Tomia ta kwanta, teku ya yi luf.

La Dambu na zaune a bakin kwale-kwale, tulun iskar numfashi a bayansa. Shekara talatin da ɗaya yana yi wa baƙi masu nutso jagora a ƙarƙashin ruwa, bai taɓa jin tsoro irin na yau ba. An kafa sabuwar doka: duk jagoran da ya kasa bambance iri goma na murjani, duwatsun nan masu rai da ke tsirowa a ƙasan teku, a gaban mai jarrabawa, za a karɓe katinsa na izinin aiki. In babu kati, babu baƙi.

Mai jarrabawar, Malama Retno, daga tsibirin Jawa aka turo ta. Ta ce ya zaɓi wurin da yake so. Ya zaɓi inda yake zuwa kullum.

Matarsa Wa Ndia ce ke tuƙi. Ta kashe inji daidai kan igiyar da ke ɗaure a ƙasan ruwa, ta ɗauko gilashin fuskarsa ta saka masa a hannu.

"Maigida, yau kai ne ɗan makaranta," in ji ta. "In ka faɗi, ba abincin rana. Igiya na damanka."

Bai yi dariya ba.

Ya bi igiyar zuwa ƙasa, hannu bayan hannu, har yatsunsa suka taɓa ƙulli na huɗu. Ya tsaya sai da ya ji ƙarar kumfar numfashin malamar a kafaɗarsa, sannan ya saki igiyar ya fara ƙirga bugun ƙafarsa.

Bugu goma sha biyu. Ya nuna hagu, ya dunƙule hannu: mai kamar ƙwaƙwalwa. Bugu takwas. Ya ware yatsu: mai ƙahon barewa. Gaba kaɗan ya yarfe hannu kamar wanda ya taɓa garwashi, ya ja da baya: murjanin wuta, wanda ke ƙona fata, wanda baƙi ke ɗauka busasshen reshe ne. Kowanne ya nuna, sai malamar ta matsa masa hannu sau ɗaya, alamar daidai. Shida suka wuce haka. Ƙirjinsa ya fara sakewa.

Bugu ashirin. Ya nuna dama, ya shimfiɗa tafin hannu: mai faifai, babban nan da ya fi tabarma faɗi.

Ba ta matsa hannunsa ba.

Ya sake nunawa. Shiru, sai kumfa. Numfashinsa ya yi sauri, yana jin iskar tulun na tafiya a banza. Ko ya ɓata ƙirge? Ko ruwa ya ja shi bai sani ba? Ya maimaita lissafin a ransa, ashirin ne. Ya nuna karo na uku.

Sai ya ji ta riƙe damtsensa gam, riƙon da ake yi wa baƙon da ya firgita. Ita ta kai shi ga igiya. Suka hau a hankali, ba ta sake shi ba har kansu ya fito.

A cikin kwale-kwale malamar ta daɗe tana share fuska kafin ta yi magana.

"Baba, shida daidai. Har wanda ni sai na matsa kusa nake gane shi. Na bakwai fa?"

"Mai faifai ne. Tun ina saurayi yake wurin."

"Iska ta karya shi, Baba. Yana can ƙasa a kife cikin yashi. Ruwa ka nuna mini, har sau uku."

Wa Ndia ta sunkuyar da kai tana naɗe igiyar da ba ta buƙatar naɗi.

"Ban rubuta komai ba," in ji malamar a hankali. "Gobe mu je wani wuri daban, in ka yarda. Amma ka tuna rayukan mutane kake kaiwa ƙasan nan."

Har suka isa gaɓa fuskarsa na wajen da rana take.

Washegari da sassafe ya miƙa wa Wa Ndia katin ta kai wa malamar. Da ta dawo ya riƙe gefen zanenta, ta ja shi zuwa jirgin ruwan da ke zuwa garin Bau-Bau wurin likita, don damina biyu ke nan da yanar ido ta rufe masa gani, duk murjanin da yake nuna wa baƙi da ƙirge yake nuna su.