Mudun Mai Ƙusumbi

Baba ake kawo wa ƙarar awo a kasuwar Kibiya. Ba alƙali ba ne, dattijon 'yan hatsi ne kawai, amma abin da ya yanke ya zauna.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar, ni da ƙanwata Saude mun kai masa fura, sai ga wata tsohuwa daga Fammar ta taso mai awo a gaba, wai geron da ya auna mata bai cika ba. Baba ya karɓi mudun yana jujjuyawa. Na hango an bubbuga gindinsa ya turo ciki. Wallahi ni na fara gani. Amma an koya mini yaro ba ya tsoma baki a maganar manya, sai na ja bakina na yi shiru.

Saude kuwa ta zura hannu ciki ta ce, "Baba, mudun nan ƙusumbi gare shi."

Baba ya sa aka cika wa tsohuwar geronta, sannan ya dafa kan Saude ya ce, "Wannan ce za ta tsaya wa masu saye." Ni kuma ya miƙo mini kwanon furar in mayar gida.

Yau Saude lauya ce, har Norway ta je ta karanto dokar kare masu saye. Ni na gaji rumfar Baba, muduna lafiyayye. Rannan na ji ta a rediyo tana ba da labarin nan. Ta tuna tsohuwar, ta tuna furar. Ba ta ce ina wurin ba.