Wasan Sallar da Ya Cinye Ƙafar Kaumi

Kai mai karatu, kada ka ce ba ka sani ba. Kana bakin fili ran nan. Ka ga Kaumi yana ɗingishi tun kafin hutun rabin lokaci, ka kau da kai, ka ci gaba da tafi. Haka muka yi, mu mutanen Potiskum, ƙwanmu da kwarkwatarmu.

Kaumi Yaji ɗan unguwar Dogo Nini ne, ɗan baya a ƙwallon ƙafa, irin wanda in ya tsaya gaban raga sai gola ya samu hutu. Bayan samun 'yancin kai ya bar garin nan a bayan motar gyaɗa. Ya yi wasa a Jos, ya koma Kaduna, ya taɓa Kano, ya zarce Ikko. Har rigar ƙasa ya sa, aka je da shi Gana da Sudan. Duk ranar da rediyo ya ambaci sunansa, kowa a garin nan sai ya ce ai tare suka yi wasan ƙasa.

A 1974 gwiwarsa ta dama ta lalace. Likita a Ikko ya tsaga ta ya gyara, ya ce masa, "Za ka yi tafiya, za ka yi noma, amma ƙwallo kam ka gama." Kaumi ya dawo gida da ƙafafunsa biyu, yana shirin koya wa matasa wasa.

Ana gobe jajibirin Babbar Sallah, ƙanin mahaifinsa, Alhaji Babaji, ya zo zaurensa da dattawan unguwa. Samarin Fika za su zo wasan Sallah, bara kuwa sun lallasa mu.

"Baba, likita ya hana ni," in ji Kaumi, kansa a sunkuye.

"Likitan Ikko ne ya haife ka? Ka yi wa Jos gumi, ka yi wa Ikko gumi, sai garin da aka binne cibiyarka za ka hana? Ka tsaya a baya kawai. Sunanka ma ya ishe su tsoro."

Da suka tafi, matarsa Kellu ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ba kai ka gaya mini abin da likita ya ce ba? Ko mafarki na yi?"

"Kellu, ƙanin ubana ne ya tako har zaurena. Da wane bakin zan ce a'a?"

"Da bakin da kake cin tuwo mana!"

Ya yi murmushi, ya ɗauko takalmansa.

Ranar wasan, ana dab da tashi, muna gaba da ci ɗaya, 'yan Fika suka samu bugun kusurwa. Kaumi ya yi tsalle ya kore ƙwallon da ka, ya sauko a kan ƙafar dama. Waɗanda ke kusa sun ji ƙarar. Mu kuwa muka ɗauki kofi muka zaga gari da kiɗa, shi yana kwance a bayan raga.

Kellu ta roƙi a kai shi asibiti. Alhaji Babaji ya ce, "Asibiti? Su da ba su san komai ba sai yanka! Mai ɗori na nan, kakanninmu ma shi suka sani." Mai ɗori ya iya karaya, amma bai taɓa ganin gwiwar da aka yi wa aiki ba. Ya ja ta, ya jera kara, ya ɗaure tamau, ya ce kada a kwance.

Yatsun suka kumbura, suka yi baƙi. Kaumi ya cije, wai namiji ba ya raki. Masu zuwa dubiya suka ji wari, suka ce "Allah ya sawwaƙe," suka fita. Ranar da Kellu ta yi ta maza ta samu direban da ya kai shi asibiti, ƙafar ta riga ta mutu. Sama da gwiwa aka yanke ta.

Da ya farfaɗo ya shafa wurin, abin da ya ce kawai shi ne, "Kellu, da na ji maganarki." Alhaji Babaji ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara ce ta je zaurensa? Ƙaddara ce ta toshe hanci ta yi shiru?

Darasin a fili yake: girman dattijo da alfaharin gari ba su fi lafiyar mutum ba, kuma kunyar da za ta nakasa ka ba ladabi ba ce.

In an matsa wa wanda likita ya hana, ka buɗe baki ka tsaya masa, ko gaban wa ne. In kuma akwai wanda aka yi wa ɗori a gidanku da yatsunsa suka fara sauya launi, ajiye takardar nan, tashi ka kai shi asibiti yau.