Naman Madam Hadeel

Karo na tara ke nan Mainasara yana kiran kamfanin naman, karo na tara kuma wata murya mai zaƙi tana ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri. Da ana gasa ma'alish, da tuni ya ciyar da Alƙahira kaf.

Shekararsa bakwai a garin. Karatu ya kawo shi, guzuri ya ƙare, ya faɗa gidajen abinci, daga wanke-wanke har hannunsa ya faɗa da girki. Yanzu ga dama ta samu. Madam Hadeel, matar wani attajiri a unguwar Mohandessin, tana neman kuku, ta kuma ce wanda ta ɗauka za ta gyara masa takardar zama. Tasa saura wata guda ta mutu. Gwaji ɗaya ne tal: abincin rana ranar Alhamis, baƙi shida, a gasa musu sitek, wato yankan naman sa mai kauri.

Ba kowane nama ba kuma. Da kanta ta yi odarsa a intanet, wurin wani kamfani da ke ajiye naman sa a ɗakin sanyi kwana talatin, har bayansa ya yi duhu, cikinsa ya yi laushi. Ta sa adireshin Mainasara na Hadayek el-Maadi don ya karɓa ya gyara shi tun daga gida.

Ranar Litinin yana layin karɓo sakamakon asibitin mahaifiyarsa saƙo ya shigo, wai an isar da kaya. Ya dawo a guje, bakin ƙofa ko leda babu. Da ya kira, sai suka turo masa hoto: farin akwatin soso jingine da ƙofarsa, ga lambar gidan ɓaro-ɓaro.

Bai yi wa Inna Azumi zancen ba. Tsohuwar ta zo ne daga Gusau neman maganin gwiwa da hawan jini, likita ya hana a tayar mata da hankali. Uwa-uba, a saninta ɗanta malami ne da ke koyarwa. In ta ji cewa tukunya yake juyawa a gidan wata mace, ai sai jinin ya kai rufin ɗaki. Don haka a baranda yake masifarsa da Larabci, ita kuwa Larabcinta bai wuce na salla ba. Tana ciki tana 'yan hidimominta, maƙwabciyarsu Mahasin, Bahaushiyar Sudan, tana leƙo ta da hira da cefane, har turmi ta ara mata. Dakan nan shi ya ƙara masa ciwon kai.

Da ƙyar da roƙo kamfanin ya yarda ya sake turowa ranar Laraba, tsakanin huɗu da shida na yamma. Da safe Madam ta kira shi ya je ya ga kicin ɗinta. Ƙarfe sha ɗaya, yana tsaye gaban murhun, waya ta yi ƙara. An isar da kaya. Awa biyu ya yi a cunkoson motoci yana cizon yatsa, ya iso ya tarar da bakin ƙofa fes kamar an share.

Mutum ɗaya ne ke ganin duk mai shiga da fita a ginin, Ammu Osama mai gadi, dattijon da ya taya shi ɗaukar Inna a kujera har hawa na huɗu ranar da lif ya lalace. Mainasara ya sauka ya same shi yana shan shayi, a gaban mutane ya kira shi ɓarawo. Dattijon ya ce shi dai ya ga mai babur ya hau da akwati ya sauko hannu wofi. Ya ajiye kofinsa, ya shige ɗakinsa ya ja ƙofa.

Kamfanin ya ce ba na uku. Kunya da tsoro suka hana shi gaya wa Madam. Ranar Alhamis da sassafe ya je wurin mahauci ya zaɓi yanka mafi kyau, ya zuba duk basirar shekara bakwai a kansa. Madam Hadeel ta yanka, ta tauna sau biyu, ta ajiye cokali.

"Ina namana?"

Ya fara bayanin akwati da hoto da mai gadi. Shi kansa ya ji yadda labarin ke fita daga bakinsa kamar ƙaryar yara. Ta ce khalas, magana ta ƙare, ta sa direba ya nuna masa hanya.

Da la'asar ya hau benensu, ya wuce Ammu Osama, wanda bai ko ɗaga kai ba. Takaici ya cika shi har wuya. Ba aiki, ba takarda, ga tsohuwa da sauran wata biyu na magani. Inna ta ga fuskarsa, ta ce ɗaliban nan suna wahalar mata da ɗa, ta turo masa kwanon dambun nama. Kwana uku yana cusa shi a tsaye, waya a kunne. Yau ne ya zauna ya tauna. Ya tsaya, ya sake ɗiba. Ya daɗe a sana'ar nan, bai taɓa jin dambu mai maiƙo da narkewa haka ba.

"Inna, wurin wane mahauci Mahasin ta sayo miki wannan?"

"Ba saye ba ne, ɗan nan, maƙwabtanka ne suka ji ka yi baƙuwa, Allah ya yi musu albarka. Ban gaya maka ba ne don kada ka raina musu, naman ya kwana biyu har ya yi baƙi, sai da na tafasa shi sosai kafin ya daku. Amma dai ka yi musu godiya, sau biyu ina buɗe ƙofa in tarar sun ajiye mini shi a farin akwati."